Tanimu Wanzami da Ordinater ɗin Hafsa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Tanimu Wanzami a unguwar Birni, ita ma ta zube daga gefe tun wata damina, don haka babu wanda zai ba ni labarinsa. Ni ce Shatu mai ƙanƙara. Firigo biyu, wato firiji, gare ni a zaure, su ne gonata, su ne kasuwata. Na fara da wannan ne don a sani tun yanzu cewa wutar da za a yi ta magana a kanta, tawa ce aka sha.

Tanimu gadon wanzanci ya yi. Ubansa wanzami ne, kakansa ma haka. Ya tashi da zabira a kafaɗa, cike da asake da ƙahonni, yana bin gidaje yana askin suna, yana kaciya, yana yi wa tsofaffi ƙaho a baya. Rabin mutanen unguwarmu shi ya fara ɗora musu aska a ka. Sai zamani ya juya masa baya. Samari suka koma wajen masu injin aski a unguwar Zango, kaciya ta koma asibiti, tsofaffin da ke son ƙaho kuma suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ya zama mutum mai wasa aska kullum da safe ba tare da ya san kan da za ta hau ba.

Ɗan ƙanwarsa Musa yana da shagon gyaran ordinater, wato kwamfuta, a Zango, can Tanimu ya riƙa zuwa shan iskar fanka. Yana zaune, yana taunar goro, yana kallo. Da Musa ya rufe shago ya tafi neman zinariya arewa, abin da ya bar wa kawunsa shi ne kile ɗaya, ɗan abin nan kamar yatsa da ake cusawa a gefen ordinater, mai ɗauke da sistem, wato abin da ke sa na'urar ta san kanta in an kunna ta. Tanimu ya ɗaura masa zare ya jefa a zabira tare da asake. Daga ranar ya zama mai gyaran ordinater, ba tare da ya nemi shawarar kowa ba.

Ba ya karanta Faransanci, ko kalma ɗaya. Amma ya haddace aikin kamar yadda ya haddace kan mutum. Zai cusa kile, ya kunna, ya bi maɓallan layin sama yana dukansu duka da yatsu har allon ya yi shuɗi. Daga nan ya san inda ake dannawa: ƙasa, hannun dama. In aka zo wurin da ake share duk abin da ke ciki, sai ya yi bisimilla ya share. Masu lakkol, wato 'yan boko, suna ce wa wannan formate, shi kuwa aski yake cewa. Magani ɗaya gare shi ga kowace cuta. Ordinater ba ya magana, aski. Yana nauyi, aski. Akwai wanda ya kawo nasa don murfin ya tsage, shi ma aka aske shi tas. Abin haushin shi ne sau da yawa sai ka ga abin ya warke.

Ya sha wuya kafin ya gane wasu abubuwa. Akwai ranar da ya wuni yana aske ordinater ɗaya, yana gamawa yana komawa farko, don bai san ana zare kile in na'urar ta suma ta farfaɗo ba. Ina jiyo shi ta katanga yana cewa, "Kai wannan gashi, da tsirowa yake!"

Wuri ɗaya ne Tanimu ba ya wucewa. Bayan an gama aski, na'urar ta tambayi ƙasa, ta tambayi harshe, sai ta kawo wani fili fari ta ce a rubuta suna. Nan yake ɗauke hannu. A wurinsa abin da aka aske aka sake shi sabo, haihuwa ce, kuma ba a raɗa suna sai ranar ta zagayo. Zai bar ordinater a buɗe, a kunne, yana jira a kan wannan fili har mako ya cika, sannan ya aika a tambayo mai abin sunan da yake so.

Mutane suna dariya, ni ban taɓa yi ba, don na san daga inda abin ya fito. Shi da matarsa Hasana haihuwa ɗaya Allah ya ba su, namiji, shekaru talatin da wani abu ke nan. Murna ta hana Tanimu haƙuri. Kwana biyu da haihuwa ya bi lungunan Birni yana faɗa wa kowa sunan da zai sa, har mai sayar da gawayi ya sani. Ana gobe suna yaron ya koma. Ragon yana ɗaure a tsakar gida. Wata tsohuwa mai dogon baki ta ce ai shi ya yi gaggawa, maganar kuwa ta shige shi ta zauna. Tun daga lokacin ba a sake ambaton sunan nan a gidansu ba, ni ma ba zan ambata ba tukuna.

Masu gaggawa sun san hanyar Zango. Masu kawo wa Tanimu aiki tsofaffin 'yan kasuwa ne da malaman lakkol da suka ajiye aiki, waɗanda mako ɗaya ba ya damun su. Haka aka yi ta tafiya lafiya har bazarar da Hafsa ta shigo ciki.

Hafsa jikar Ya Kaltuma ce, daga babban gidan Barebarin nan na bayan masallaci. Marainiya ce, kakar ce ta riƙe ta. Ta yi karatun jami'a a kan ruwan tafkin Gidimuni da manoman da ke bakinsa, saura mata sutenans kawai, wato ranar da za ta tsaya gaban malamai ta kare littafin binciken da ta rubuta, tana nuna hotuna da taswira daga ordinater. In ta rasa ranar, sai baɗi. Ana saura 'yan makonni ordinater ɗinta ya fara kashe kansa yana tashi. Ta yi kuskuren yin ƙorafi a gaban kakarta, ta fita. Kafin ta dawo Ya Kaltuma ta naɗe shi a ɗankwali ta aika wa wanzamin gida.

Allah ya so rubutun nata yana cikin wani kile da take ratayawa a wuya. Ta iso gidan Tanimu a guje, ta tarar an riga an aske, farin filin suna yana kallonta.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, sannu da aiki. Saura kaɗan ai. Sunana kawai za a rubuta a danna."

Ya ce, "Sunanki? Ke aka haifa? Ke na aske ki tun kina kamar tafin hannuna. Wannan yau ya zo duniya."

"Baba, sutenans gare ni."

"Allah ya kai mu. Ranar suna ki zo da wuri."

Yarinyar nan ta san abin da za ta danna, ko ido rufe. Amma ta yaya za ta fizge abu daga cinyar dattijon da ya yi mata askin suna? Ta koma gida ta kai ƙara. Ya Kaltuma ta ce, "Tun kakanmu ya zo daga Borno da raƙumansa, gidansu ke yi mana aski. Ba mu taɓa tashi daga gaban wanzami da rabin kai ba, ba a kanki za a fara ba." Hafsa ta ce za ta ari na ƙawa. Ƙawayen duk rana ɗaya aka sa musu, kuma kakar ta rantse cewa da nata ordinater ɗin za ta je.

To, da batirin na'urar lafiyayye ne da babu labari. Amma batirin ya mutu tun tuni, in aka zare waya ko alwala ba ka gamawa zai ɗauke. Gidan Tanimu kuma babu wuta. Sai ga shi da la'asar ya leƙo ta inda katanga ta zube, riƙe da doguwar waya.

"Shatu, maƙwabciyar arziki."

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Mako ɗaya ne."

Na sake cewa a'a, ina faɗa ina zare firigo ɗaya da hannuna. Har yau ina jin haushin yadda mutumin nan ke sa ni abin da ban yi niyya ba.

Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu, wuta kuma tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama. Kwana uku da farawa ta ɗauke da hantsi. Ordinater ya yi ɗif. Da ta dawo aka kunna, sai ya fito da wani ɗan akwatin rubutu mai wurin dannawa ɗaya. A danna, ya suma, ya farfaɗo, ya kawo akwatin nan dai. Hafsa ta karanta ta ce yana cewa an katse shi ba zato, ba zai iya ci gaba ba. Tanimu ya ce ya ji, ai ko mutum aka yi wa haka zai yi fushi. Ya zaro kile daga zabira ya sake aski daga farko. Da aka iso filin suna ya ɗauke hannu ya ce, "Yau ya zo duniya." Lissafi ya koma farko. Hafsa ta zauna a kan turmin Hasana ta dafe kai.

Daga nan ne abin ya zama na unguwa. Tanimu ya ɗauko Ɗanƙarami, mai kabu-kabu, wanda sunan ne kawai ƙarami, gemunsa ya yi fari. Aka yi yarjejeniya babur zai riƙa tsayawa a ƙofar gida. Da zarar firigona ya yi shiru sai in ƙwala kira, "Ta tafi!" Tanimu ya suri ordinater a buɗe, ya haye bayan babur, su nufi duk inda aka ce akwai wuta. Wata rana shagon tela mai gurup, injin nan na ba da wuta, wata rana rumfar masu cajin waya a Zango. Lungunan Birni kuwa yashi ne, babur ya kafe, sai ka ga dattijo ya diro yana gudu da ƙafa, babbar riga na tashi, yana shafa ɗan wurin da ake shafawa da yatsa don kada allon ya yi barci, yana cewa, "A ba da hanya, a ba da hanya!" Sau ɗaya suka isa shagon tela da abin a mace. Tela ya tsayar da keke ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," kuma da gaske yake. Aka sake aski, aka sake lissafi.

Mata suka fara shigowa barka. Da farko da tsokana, "Ina mai jego? Ya kwanan baƙo?" Daga baya ban san inda tsokanar ta tsaya ba, don na ga kwanon kunun kanwa da idona an kawo wa Hasana daga gidan liman. Ya Kaltuma ta aiko da turaren wuta irin nasu na Barebari, aka turara ɗakin har na'urar ta ɗauki ƙamshi. Ɗanƙarami ya kawo shawarar a nemi ko ɗan akuya ne. Ni kuwa ƙanƙarata tana narkewa, masu sayen ruwan sanyi suna komawa wajen wata.

Hasana ce kawai ba ta dariya. Da zafi ya yi yawa na'urar takan yi huci ta gefe, sai ta zauna da mafici tana yi mata fifita. Na san ta tun muna amare. Ganin ta zaune haka ya sa na daina masifa a kan firigo.

Askin ƙarshe ranar Litinin aka yi shi, sutenans kuma Litinin mai zuwa da hantsi. Wato in abin ya rayu, a raɗa suna da sassafe, Hafsa ta ɗauka ta wuce jami'a. In ya sake mutuwa, shekararta ta tafi. Kowa a unguwa ya san wannan lissafi, har masu tallan goro. Aka aro batirin babbar mota da ɗan akwatin da ke juya wutarsa, aka ajiye a gefe saboda ko-ta-kwana. Tanimu ya daina fita ko'ina sai masallaci, can ma a sahun baya yake tsayawa, kusa da ƙofa. Ya rame. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, har aka ga Asabar. Hafsa ta fara cin abinci.

Ranar Lahadi wuta ta ɗauke tun safe, gari gaba ɗaya, har Zango. Aka jona batirin mota. Ya riƙe har azahar, ya riƙe har la'asar, sannan ɗan akwatin ya fara kuka. Aka tura Ɗanƙarami ya roƙo gurup ɗin tela. Muna tsaye a ƙofar ɗaki, ni da Hafsa da Hasana, muna jin kukan yana ƙara sauri. Sai ya yi shiru. Allon ya yi baƙi, hucin gefen ya tsaya.

Ana gobe suna ne. Babu wanda ya faɗa, amma ni da Hasana mun sani, shi ma ya sani.

Tanimu bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya zauna yana kallon baƙin allon. Can ya miƙa hannu ya jawo wani farin ƙyalle da yake goge aska da shi, ya warware, ya fara lulluɓe ordinater a hankali daga sama zuwa ƙasa.

Hasana ta shiga ta fizge ƙyallen. Ban taɓa ganin ta fizge abu daga hannun mijinta ba.

Ta ce, "Malam, ya isa."

Daidai nan Ɗanƙarami ya iso da gurup a kan amalanke, yana haki. Hasana ta leƙo ta ce masa, "Tada shi." Ya ja igiya, inji ya kama. Ta sa yatsa da kanta ta danna maɓallin kunnawa, ita da ba ta taɓa taɓa shi ba sai da mafici. Allon ya kawo haske.

Ta ce, "Ka gani? Wannan ana danna shi yana tashi. Sau nawa ya mutu a hannunka ya dawo? Namu da ya tafi, na jira, ka jira, bai dawo ba. Ba bakinka ne ya kashe shi ba, Malam, kwanansa ne ya ƙare. Ni na haife shi, ni nake gaya maka. Yi wa yarinyar nan aikinta."

Ya zaro kile. Ya bugi maɓallan sama, ya yi bisimilla, ya share. Muka tsaya muna kallon lambobi na hawa. Na'urar ta suma, ya zare kile, ta farfaɗo. Ta tambayi ƙasa, ta tambayi harshe, ta ce sai an jona ta da intanet, Hafsa ta ba ta daga wayarta. Sai ga farin filin nan. Tanimu ya ɗauke hannu, kamar kullum. Hafsa kuwa hawaye ne ke zuba a kan hijabinta.

Ya ce da wata irin murya, "Uba ne ke ba da suna."

Hafsa ta ce, "Ni ba ni da uba, Baba. Kai ka yi gudu da shi cikin yashi. Kai za ka ba shi."

Ya sunkuyar da kai. Sai Hasana ta ce, "Tahiru."

Rabon da in ji sunan nan a gidan nan tun ina da haƙorana duka. Tanimu ya dubi matarsa, ta dube shi. Hafsa ta matso ta riƙa nuna masa harufa, yana dannawa da yatsa ɗaya, har suka cika. Ya danna ƙasa, hannun dama. Na'urar ta nemi a sa mata kalmar sirri, ya ce a wuce, an gama ɓoye-ɓoye. Ta ɗan yi juye-juyenta, sannan ta buɗe, lafiya lau, kamar ba ita ta hana unguwa sakat ba. Na koma gida na mayar da firigona, na zauna a zaure na yi kuka mai isata.

Washegari muka tafi jami'a, ni da Ya Kaltuma a mota, Tanimu da babbar rigarsa ta Salla a bayan Ɗanƙarami, Hasana ma ta zo. Muka zauna a kujerun baya. Malamai uku suna gaba, fuska a ɗaure. Hafsa ta jona ordinater da injin da ke haska hoto a bango, ta kunna. Kafin taswirar tafki ta fito, abin da ya fara bayyana a bangon, da manyan harufa, kowa na gani, shi ne sunan.

Babban malamin, wanda ɗalibai ke ce wa Mushe, ya sauke tabarau ya dubi takardar gabansa, ya dubi bango. Ya ce wa Hafsa da irin kiran Faransanci, "Madmazal, nan an rubuta Hafsa. Wane ne kuma Tahiru?"

Tanimu ya miƙe tsaye daga baya, zabira a kafaɗa. Ya ce, "Ɗana ne, Mushe."

Ɗakin ya yi tsit. Sai Ya Kaltuma, wadda ba ta san ana yin shiru a irin wannan wuri ba, ta ɗaga murya ta ce, "Allah ya raya!" Ɗalibai da iyayensu, waɗanda ba su san komai a kai ba, suka amsa da amin gaba ɗaya, har da malamin.

Hafsa ta ci sutenans ɗinta, an ce da kyakkyawan sakamako. Ni ban ji ko kalma ɗaya daga abin da ta faɗa a kan tafkin Gidimuni ba. Hannun Hasana ne cikin nawa, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana ta maimaita amin a hankali bayan kowa ya gama.